Malam, wai da gaske ne kowa da gaskiyarsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne ina aji biyu a jami'a nan Kano, dan Allah a sakaya sunana. Tun da muka yi wani kwas na falsafa a aji ɗaya kaina bai zauna ba. Abokina ya turo min hoton nan na mutum biyu suna tsaye kan lamba, ɗaya yana cewa 6 ce ɗaya yana cewa 9 ce, an rubuta a ƙasa wai dukkansu suna da gaskiya. Da farko na ɗauke shi wasa amma yanzu maganar ta shigo har gidanmu. Yayata za ta yi aure bayan sallah, an yi gwajin jini na sikila ita AS shi ma AS, da na yi magana sai kawunmu ya ce min likita da gaskiyarsa mu ma da tamu, ai malamai ma saɓani suke yi, kuma akwai mai maganin da ya ce zai mayar da AS ya koma AA cikin wata uku. Wallahi na rasa amsar da zan ba shi. Abin da ya fi tsorata ni Malam, in dai komai ya danganta da inda mutum yake tsaye ne, to addinin ma fa? Har a cikin sallah tunanin nan yake zuwa min. A taimaka min.

AMSA

Wa alaikumus salam. Ƙanina, kafin komai ka kwantar da hankalinka kan maganar sallar nan. Sahabbai da kansu sun je wa Manzon Allah (SAW) suka ce suna jin wani abu a ransu da ba za su iya furta shi ba saboda girmansa, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Imam Gazali wanda ya rasu a 1111 miladiyya ya rubuta da hannunsa cewa ya yi kusan wata biyu a irin halin da kake ciki, yana shakkar idonsa yana shakkar hankalinsa, kuma ya fita lafiya. Ba kai ne farau ba, kuma tsoron da kake ji ɗin ba alamar ɓata ba ne.

Amsarka ita ce eh, akwai gaskiyar da ba ta jiran ra'ayin kowa. Abin da yake bambanta daga mutum zuwa mutum shi ne yawan abin da ya gano daga cikinta, da kuma ta inda ya hango ta. Waɗannan abubuwa biyu ne daban, shi abin da kansa da kuma saninmu game da shi, kuma duk ruɗanin da kake ciki daga cakuɗa su ya taso.

Tunda ka yi kwas ɗin ba sai na mayar da kai kan Furotagoras, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, da maganarsa ta cewa mutum shi ne ma'aunin komai ba, ka kuma san amsar da Aflatun, shi ma masanin falsafar Girka, ya bayar, cewa in ra'ayin kowa gaskiya ne to ra'ayin wanda ya ce Furotagoras ya yi kuskure shi ma gaskiya ne, magana ta cinye kanta kenan. Abin da na san da wuya a ce an faɗa muku a aji shi ne malamanmu na tauhidi sun gama da wannan batu tun tuni. Littafin aƙida na Imam Nasafi, wanda ya rasu a 1142, jimlarsa ta farko-farko ita ce haƙiƙanin abubuwa tabbatattu ne kuma saninsu mai yiwuwa ne, saɓanin abin da 'yan Safsaɗa, wato masu musun samuwar gaskiya ko saninta, suke cewa. Da malamin tauhidi Taftazani ya zo yi wa littafin sharhi sai ya kasa 'yan Safsaɗar uku: masu cewa babu wata haƙiƙa kwata-kwata, da masu cewa ba mu sani ba kuma ba za mu taɓa sani ba, da masu cewa haƙiƙa tana bin abin da mutum ya ƙudurce ne, in ya ce kaza ne to kaza ne a wurinsa. Kaso na ukun nan su ake kira Indiyya da Larabci, wato masu cewa "a wurina haka ne", kuma hoton da abokinka ya turo maka aƙidarsu ce sak, an dai zana mata katun ne an sa a Facebook.

Shi kansa hoton ka sake kallonsa. Wani ne ya rubuta lambar nan a ƙasa, kuma lokacin da yake rubutawa ko dai shida yake nufi ko tara. In lambar gida ce a duba gidan da yake kusa a ga 5 ne ko 8, in ba haka ba a nemo wanda ya rubuta a tambaye shi. Abin da za a iya cewa kawai shi ne kowannensu yana da uzuri, don daga inda yake tsaye haka ta bayyana masa, bai yi ƙarya ba. Amma uzuri daban, dacewa daban. Mu a Kano gabas muke kallo in za mu yi sallah, mutumin Madina kudu yake kallo, na Indonesiya yamma, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinmu, amma dalilin da ya sa duk muka dace shi ne Ka'aba tana nan a wuri ɗaya ba ta motsa ba. Da babu ita a wurin da babu wanda zai ce wa wani ka karkace. Haka ma masu jawo sunan masanin kimiyya Ainishtain su ce ai kimiyya ta tabbatar komai ya danganta ne, ba su karanta shi ba, don nazariyyar tasa ta 1905 an gina ta ne kan cewa gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, ɗaya ne ga kowane mai aunawa.

Akwai wuraren da maganar kowa da nasa take daidai, ban musa ba. Daɗin abinci, kalar atamfa, yadda ake gaisuwa, yadda ake biki, wa ya fi iya waƙa. A nan abincin wani gubar wani, kuma wanda ya tsaya yi maka musu a kai ɓata lokacinka yake.

To amma maganar kawunku ita ce nake so na daɗe a kanta, don wallahi babu ranar da ba na cin karo da ita, a aji, a majalisa, a teburin mai shayi, a guruf ɗin WhatsApp na dangi, kuma ta fi ƙarya ɓarna domin ita ƙarya ana iya kama ta, ita kuwa wannan rufe ƙofar bincike take yi gaba ɗaya. Kowa da fahimtarsa. Kowa da gaskiyarsa. Ai malamai ma sun yi saɓani. Ka lura da lokacin da ake fito da ita, ba a faɗinta sai an kawo wa mutum hujjar da ba shi da amsarta, sai ya jefo ta a tashi taro, kuma a ga kamar shi ne mai sauƙin kai kai ne mai taurin kai.

Farko dai jingina ta ga saɓanin malamai zalunci ne ga malaman. Hadisin da yake cikin Bukhari da Muslim ya ce idan alƙali ya yi ijtihadi ya dace yana da lada biyu, idan ya yi ijtihadi ya kuskure yana da lada ɗaya. Ka ji fa, ya kuskure. An ba shi lada saboda ƙoƙarin da ya yi da kyakkyawar niyyarsa, amma ba a ce ya dace ba, an kira kuskuren da sunansa. Malaman da suka yi saɓani sun yi ne saboda kowannensu yana neman daidai, shi ya sa suke tafiyar watanni don jin hadisi ɗaya, suke rubuta wa juna raddi, wani ya bar fatawarsa in hujja ta zo masa. Mutumin da ya yarda kowa da gaskiyarsa me zai kai shi wannan wahalar? Ko malaman usulu da suka tafi a kan cewa kowane mujtahidi ya dace, a kan rassan fiƙihu suke magana inda babu nassi yankakke, kuma ga wanda ya kai matsayin ijtihadi, ba su taɓa cewa ranar Talata tana iya zama Laraba in mutum ya so ba. Ƙablu da sadlu saɓani ne, kowa yana da abin riƙonsa, ka yi sallarka ka bar ɗan'uwanka ya yi tasa. Amma abin da yake cikin jinin yayarka ba mas'alar ijtihadi ba ce, abu ne da ake ɗiba a sirinji a kai ɗakin gwaji a gani.

Ga abin da yake nan, ko kawu ya yarda ko bai yarda ba. AA shi ne wanda ba ya ɗauke da sikila, AS yana ɗauke da ita amma ba ya ciwon, SS kuma shi ne mai ciwon. In AS ya auri AS, kowane ciki da za a samu yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Kowane ciki fa na ce, don mutane suna ɗauka wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai zo da sikila, ko wai na farko da na biyu lafiya suke zuwa. Ba haka ba ne, kowane ciki lissafinsa sabo ne, shi ya sa za ka ga gidan da aka haifi biyar babu mai sikila ko ɗaya, ka kuma ga gidan da uku a jere duk SS ne. Mai gidan farko shi ne zai zo majalisa ya ce ai ni ga ni nan ƙarya likitoci suke, mai gida na biyun kuwa ba za ka gan shi a majalisar ba, yana asibiti ƙarfe biyun dare yana neman wanda zai ba da jini, yaro yana kuka yana cewa ƙafata bayana, uwar tana danna masa gaɓoɓi da tsumma mai ɗumi ba ta san inda za ta taɓa ya ji sauƙi ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S ɗin nan, kuma babu ƙasar da ta kai mu yawan jariran da ake haifa da sikila. Da kawu ya ce iyayenmu wane gwaji suka yi, ka tambayi tsofaffin gidanku yara nawa aka binne da sunan amosani ko mayu ko iska. Cutar tana nan tun lokacin, gwajin ne babu. Shi ya sa ma gwamnatin Kano ta sa hannu kan dokar gwaji kafin aure a 2024, kodayake doka ba ta amfanar wanda zai je ya nemi a rubuta masa takardar da yake so, wannan kansa ya yaudara, jinin ba ya karanta takarda.

Shi kuma mai maganin da zai mayar da AS ya koma AA, a nan ne raina yake ɓaci. Ka san su, mota ce da lasifika a saman ta a bakin kasuwa ko tasha, ko kuma yanzu bidiyo a TikTok, ga jarkoki an jera, magani ɗaya wai yana maganin suga da hawan jini da ƙoda da basir da sikila. Babu sassaƙe babu jiƙo babu ƙwaya babu allurar da take canza jinotaif, abu ne da mutum ya gada daga uwa da uba tun ranar da aka yi cikinsa. Ko dashen ɓargo da ake yi wa masu sikila, wanda yake iya raba su da ciwon, ba ya canza abin da za su gadar wa 'ya'yansu. Kuma ka lura shi mai maganin bai yarda da kowa da gaskiyarsa ba, cewa yake maganinsa yana aiki, magana ce wadda ko dai haka ne ko ba haka ba, kuma kuɗin da zai karɓa ƙidayayye ne. Sai an ce masa to zo a gwada sannan zai koma cewa ai su turawa da nasu ilimin mu da namu. Ni ban raina maganin gargajiya ba, akwai itatuwa masu amfani ƙwarai, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau asalinsa daga tazargade aka ciro shi, amma ta yaya aka san yana aiki? Gwada shi aka yi aka ƙirga waɗanda suka warke. Gazali ya ce da wani zai ce masa uku ta fi goma yawa, ya kuma mayar da sanda maciji a gabansa don ya tabbatar, zai yi mamakin yadda ya yi amma ba zai yi shakkar cewa goma ta fi uku ba. Mu kuwa ko macijin ba a nuna mana ba, murya ce kawai a WhatsApp an ce wata mata a wata unguwa ta sha ta warke.

Kuma garin nan ya riga ya biya kuɗin wannan magana. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jitar cewa an sa masa maganin hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004. Ni ba na zagin iyayen da suka ji tsoro, suna da dalilinsu, a garin nan ne a 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, an yi gwajin da yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Wanda ya ga wannan in ya yi zargi ba mahaukaci ba ne, daga inda yake tsaye zargin yana da kan gado. Amma ƙwayar cutar ba ruwanta da dalilinmu, ta ci gaba da shanye ƙafafun yara, ta tsallaka ƙasashe har Sudan da Yaman da Indonesiya, kuma yaran wancan lokacin su ne samarin da kake gani yau a kan keken guragu a bakin danja. Tsoron yana da uzuri, zargin kuma bai zama gaskiya ba, duka biyun haka suke a lokaci guda. Haka a watan Agustan 2014 da aka tashi mutane da asuba a waya aka ce a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ibola, mutane suka sha, wasu suka kwanta asibiti wasu suka rasa ransu. A ranar ma in ka yi magana cewa za a yi kai da fahimtarka mu da tamu.

In kuma aka juya maka ta wajen ƙaddara aka ce ai Allah ke ba da lafiya, gaskiya ne, babu musulmin da zai musa. Sayyidina Umar yana hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke can, ya yi shawara ya juya da mutane, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi, ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Bai ce annobar ra'ayin mutanen Sham ce ba.

Sai dai zan ja maka kunne ta ɗaya ɓangaren, don na ga samari da yawa sun fita daga wannan rami sun faɗa wancan. Cewa gaskiya ɗaya ce ba ya nufin duk abin da yake kanka shi ne ita. Rabin rigimar da ake yi a garin nan, wannan ya kafirta wancan, wancan ya bidi'antar da wannan, daga mutanen da suka ɗauki fahimtarsu suka mayar da ita wahayi ne. Likita ma yana kuskure, ɗakin gwaji yana kuskure, kimiyya tana gyara kanta kullum. Amma kalmar kuskure ba ta da ma'ana sai in akwai daidai ɗin da aka kauce wa, don haka yawan kuskurenmu dalili ne na mu ƙara bincike mu rage cika baki, ba dalilin mu ce babu abin da ake nema ba.

Batun addini kuma, na san abin da ake faɗa muku, wai don an haife ka a Kano ne ka zama musulmi, da a Rum aka haife ka da kirista ne kai. Wannan yana bayanin ta yadda abu ya iso gare ka ne, bai ce komai ba kan ko abin gaskiya ne ko a'a, lissafin ma ai a makarantar unguwarku ka koye shi. Musulmi ya ce ba a gicciye Annabi Isa (AS) ba, kirista ya ce an gicciye shi, kuma dukkansu sun yarda ba zai yiwu duka biyun su faru ba. Zaman lafiya da maƙwabcinka na Sabon Gari ba ya bukatar ku yi kamar babu saɓani, abin da yake bukata shi ne kada ka zalunce shi kada ya zalunce ka. Ka samu malami mai natsuwa wanda ya san tauhidi da manɗiƙi ka zauna gabansa da littafi, ka rage bin muhawarar intanet da daddare.

Game da yayarka, kada ka je ka tsaya gaban kawu kana yi masa lakca, ba zai ji ba kuma za a ce ba ka da kunya, maganar ta koma kan tarbiyyarka a bar ta jinin. Ka samu mahaifiyarku ko wani babba da kawu yake jin nauyinsa. A sake gwajin su biyun a babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano ko na Murtala, a gaya wa likita in ɗayansu an ƙara masa jini a watannin nan don yana iya rikita sakamako. In ya sake fitowa AS da AS, a zaunar da ita da shi gaban likita ya yi musu bayanin ɗaya cikin huɗun nan da irin rainon da mai sikila yake bukata, su ji da kunnensu ba ta bakin kowa ba, don su ne za su ɗauki nauyin. In kawu ya dage kan mai magani, kada ta sha komai da ba a san abin da yake cikinsa ba saboda ƙoda da hanta, kuma kada a sa ranar ɗaurin aure a kan alkawarinsa. Ka rubuto min abin da gwajin na biyu ya nuna.